Ɗanyen Aikin Yaya

Yayata ba ta taɓa miƙa wa kowa takarda da kuskure a jikinta ba. Da wannan zan fara, domin duk sauran labarin daga nan ya taso.

Ta daɗe tana buga tafireta a wani ɗan shago da ke jikin katangar wani babban ofishi, shagon da idan mutum uku suka shiga sai ɗaya ya koma bakin ƙofa. Tebur ɗaya ne, da kujera biyu, da fanka mai kuka, da kwalin takardar kabon da ke rina mata yatsu. Masu neman aiki da masu koke da waɗanda takardunsu suka ɓata, duk wurinta suke zuwa. Tana da tsarinta. Takan fara buga abin da take kira ɗanyen aiki a kan takarda mai araha. Idan layi bai yi mata ba, ba ta goge shi, sai ta bi ta kansa ta soke, don ta riƙa ganin abin da ta ƙi. Sai ta gamsu sannan ta zura farar takarda ta buga na gaskiya. Mai aiki ba ya ganin ɗanyen, ko da zai yi kuka ya ce motarsa za ta tashi. Na sha ganin ƙato da gemu yana roƙonta ta ba shi haka nan, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi.

Ni ce ƙanwarta, kuma ita ta goya ni. Halinmu bai zo ɗaya ba ko kaɗan. Ita mai auna magana ce, ni kuwa yadi nake sayarwa a kasuwa, da baki nake cin abinci. Mijinta ne ya laƙaba mini Rediyo, sunan ya bi ni har jikokin maƙwabta suna kirana da shi. Ni ma ban bar shi ba, tun ranar da ya ɗauke ta nake kiransa Ango, har furfura ta cinye masa kai ban sauya ba.

Direban bas ne shi. A shagon nan suka haɗu. Ya kawo takarda ɗaya a buga masa, ya dawo da ta biyu, daga nan ya shiga neman aiki a wuraren da ko an ɗauke shi ba zai je ba. Ranar da ya kawo takardar neman aikin koyar da ɗinki, Yaya ta ɗaga kai ta ce masa idan wata magana ce a bakinsa ya faɗe ta, ya daina ɓata mata kabon. Mutum ne mai yawan dariya da yawan labari, ba ya iya cin abinci bai ba da labarin fasinja uku ba. Sun haifi 'ya'ya ba su zauna ba, sai mace ɗaya, muna kiranta Tilo. Ta yi karatu, ta yi aure, aiki ya kai ta wani gari mai nisa.

Da kwamfuta ta zo, shagon ya mutu a tsaye. Yaya ta naɗe tafiretar a tsohon zani ta ɗora a saman kabad, ta samu aiki a ofishin wata makaranta har ta yi ritaya. Ba ta yi ƙorafi ba. Abin da kawai na ji ta ce shi ne, yanzu kowa na buga rubutu, amma babu mai sake karantawa.

Wata safiya Ango ya sunkuya zai ɗaura takalmi, bai ɗago ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi gaba ɗaya. Kalma ɗaya ce ta rage masa, "to". Ka tambaye shi ko yana jin yunwa, to. Ka tambaye shi ko ya ƙoshi, to. Hankalinsa yana nan daram, yana jin duk abin da ake faɗa, kuma wannan ne ya fi ba ni tausayi, mai labari irinsa a ce an kulle masa baki ya zuba wa mutane ido.

Yaya ta mayar da gadonsa falo, kusa da tagar da ke kallon titi. A hankali su biyu suka ƙirƙiro yarensu da hannunsa na hagu da idonsa. Ya taɓa kunne, rediyo yake so a kunna. Ya juya hannu kamar mai riƙe da sitiyari, a sa shi a keke a kai shi bakin ƙofa ya ga motoci. Ya taɓa kunne sannan ya kaɗa hannu waje, wannan ni ce, wai na cika shi da surutu. Alamun sun yi yawa har ba sa ƙirguwa, kuma babu wanda ya san su duka sai ita. Kana zaune kuna hira za ka ga ta miƙe ta rage fanka, ko ta gyara masa matashi, kai ba ka ga komai ba. Da yamma kuma, idan rana ta sauko ta shigo ta tagar, takan bar duk abin da take yi ta je ta zauna a gefen gadon ta hagunsa, ta yanke masa farce ko ta yi shiru kawai. Haka suka yi shekaru.

Sai ita ma ciwo ya same ta. Ni na raka ta asibiti ranar da aka gaya mata ƙari ne a cikinta, sai an yi aiki, kuma likitan bai ɓoye mata cewa aikin yana da hatsari ba. Muka fito muka zauna a benci. Ni har na fara kuka, ita kuwa tana ta ninke takardar likitan tana daidaita gefunanta.

Ta ce, "Rediyo, share hawayen nan, mutane na kallonmu. Ni ba tafiyar ce ta dame ni ba."

Na ce, "To me ya dame ki, Yaya?"

"Mutumin nan. Idan babu ni, zai yi ta magana a cikin gidansa babu mai jin sa. Ƙishirwa za ta kama shi ku kunna masa rediyo."

Gaskiya ta faɗa.

Tilo ta zo a wannan makon. Ta tarar da uwarta ta fara rubuta alamun a bayan tsofaffin takardun magani, wasu a ƙarƙashin matashi, wasu a kicin. Ta tattara su ta duba, ta ce, "Umma, wannan idan ana sauri wa zai tsaya nema? Kawo wayarki." Ta buɗe mata wata manhajar rubutu da ke cikin wayar tun ranar da aka saye ta, ba wanda ya taɓa shiga. Ta nuna mata yadda ake buɗe sabon shafi, yadda ake tara shafuka a folda, da yadda za a haɗa folda ɗaya da wayar Tilo da tawa, duk abin da Yaya ta sa a ciki mu gan shi nan take.

Yaya ta gwada da yatsa ɗaya, ta yamutsa fuska. "Wannan gilashin ai ba ya amsawa. Ka taɓa shi, shiru. Ya za a yi mutum ya san ya buga?"

Washegari Tilo ta sayo mata ɗan kibod da ke haɗuwa da waya ba tare da igiya ba. Aka jingina wayar da kofi, aka ɗora kibod ɗin a kan faranti a cinyarta. Yaya ta jera yatsu goma, sai kawai na ji ƙarar da na manta da ita tun ina budurwa. Dukansa take yi kamar ya yi mata laifi. Da ta kai ƙarshen layi, hannunta na hagu ya tashi da kansa yana neman ƙarfen nan da ake turawa a tafireta, ya kama iska. Ango yana kallo daga gado, ya yi dariya da rabin fuskarsa har hawaye ya zubo. Ita ma ta yi dariya ta ce, "Kai dai ba ka da ta cewa, Direba." Rabon da in ji dariyarsu tare an daɗe.

Cikin kwana kaɗan ta mallaki manhajar fiye da wadda ta koya mata. Da Tilo ta nuna mata yadda ake mayar da rubutu mai kauri, ta ce a zamaninsu sai ka koma baya ka sake buga kowane harafi a kan ɗan'uwansa. Ta ga inda ake jera 'yan akwatuna a gefen layi, ka taɓa idan ka gama abu, ta ce wanda ya ƙirƙiro wannan ya san aiki. Amma abin da ya fi faranta mata rai shi ne layin da ake ja ta tsakiyar kalma a soke ta ba tare da an goge ba. Ta ce, "Yawwa. Ashe da masu hankali a cikinsu."

Ta raba aikin folda-folda: Ci da sha, Jiki, Magani, Baƙi, Fushi. Kowace alama da shafinta, kuma kowane shafi tsarinsa ɗaya. A sama, da rubutu mai kauri, abin da za ka ga ya yi. A ƙasa, abin da yake nufi. Sai akwatunan abin da za ka yi, bi da bi. Ga ɗaya, kamar yadda yake a wayata har yau:

Idan ya shafa gwiwa ya dubi taga.
Ƙafar ce ta yi tsami. Ba fita yake so ba.
A ɗora ta a kan matashi.
A murza daga idon sawu zuwa sama.
Kar a tambaye shi ko da zafi, zai ce to.

A ƙasan kowane shafi kuma takan jera kalmomin da take zaton mutum zai buga a wurin bincike idan ya ruɗe: gwiwa, ƙafa, taga, shafa. Ta ce mai neman abu cikin firgici ba ya tuna sunansa na gaskiya.

Akwai folda ta shida, wadda ba ta haɗa da wayar kowa ba. Sunanta Ɗanyen aiki. A nan kowane shafi yake fara rayuwa, ta rubuta, ta soke, ta sake. Ba ya fitowa zuwa inda za mu gan shi sai ya ci jarrabawa, kuma ni ce ɗalibar. Da Tilo ta koma bakin aikinta, kullum na taso daga kasuwa sai Yaya ta miƙa mini wayarta a buɗe a kan sabon shafi, ta shige kicin ta bar ni da Ango. Shi kuma, ɗan duniya, ya gane wasan, sai ya yi ta jefo mini alamu. Ya ja wuyan riga, in lalubo, in kawo masa bargo, ashe zafi yake ji. Ya taɓa kunne ya kaɗa hannu, in ce masa, "Ango, wannan kam na haddace ta, kuma ba inda za ni." Idan na faɗi, Yaya ba ta ce ni ce daƙiƙiya, ko da yake fuskarta tana faɗa. Takan karɓi wayar ta ce, "Laifin rubutun ne," ta koma ta gyara.

Wata rana na gaji na ce, "Yaya, ki turo mana komai da komai mana, da gyararren da ɗanyen. Ai gara rabi da babu."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Kin taɓa ganin na miƙa aiki da gurbi?"

"Wannan ai ba shago ba ne."

"Shi ya sa. A shago in na yi kuskure, takarda ce ta lalace."

Raina ya ɓaci, don ina ganin yadda take ramewa, zoben hannunta har ya fara zamewa, ita kuma tana nan tana daidaita waƙafi.

Ba ta ɓoye wa Ango komai ba. Duk shafin da ta gama sai ta karanta masa, ya ce to da sigar yarda ko to da sigar ƙi, ita ce ke bambance su. Wata rana da hantsi na shigo ban je kasuwa ba, na tarar tana karanta masa shafin yadda ake yi masa aski. Ta kai ƙarshe, bai ce to ba. Ya miƙa hannu ya kife wayar a kan farantin. Ta tayar da ita, ya sake kifewa.

Ta ce, "Direba, ka san dalilin da ya sa nake yi. Ban taɓa yi maka ƙarya ba, ba kuma zan fara yanzu ba. Wataƙila in dawo, wataƙila kar in dawo. In ban dawo ba, ba na so ka zauna da ƙishirwa a gaban tulu."

Ya juya fuska bango. Ita kuma ta zauna da wayar a kife, ba ta sake taɓa ta ba ranar. Ni na koma da baya na tsaya a tsakar gida ina kallon igiyar shanya, don ban iya shiga ba.

Ranar da za a kwantar da ita, Tilo ta dawo. Da safe jaka tana bakin ƙofa, mai tasi yana jira, Yaya kuwa tana gefen gado da faranti a cinya. Ba bugawa take yi ba, yatsunta suna kan kibod ɗin kawai. Na ce, "Yaya, mutumin nan zai tafi fa. Ba ki gama ba?"

Ta ce, "Saura ɗaya."

"Turo shi haka nan."

"In na dawo."

Ta kashe wayar ta jefa a jaka. Ta gyara wa Ango wuyan riga, ta ce masa ya yi wa Rediyo haƙuri, ba ta da saiti amma tana da kirki. Ya ce to. Ta fita ba ta waiwaya ba, kuma na san dalili.

An yi aikin, ta farfaɗo, ta yi 'yan kwanaki tana gane mutane. Daga nan jikin ya ƙi. Ta rasu da rana tsaka, Tilo na riƙe da hannunta, ni kuma ina gida wurin Ango. Ni na gaya masa. Ban yi kwana-kwana ba, don ita ba za ta yi ba. Ya rufe ido, bakinsa yana motsi, ko "to" ɗin ba ta fito ba. Na yi rashi a rayuwata, na binne iyaye da miji, amma ban taɓa jin duniya ta yi mini faɗi kamar ranar ba. Wadda ta goya ni ce ta tafi.

Na rufe ɗakina na dawo gidan da zama, Tilo kuma ta ɗauki hutu. Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, muka koma ga wayoyinmu, kuma aikin Yaya ya yi abin da ta yi shi dominsa. Ango ya taɓa leɓe da yatsa biyu, mu buga "leɓe", shafi ya fito: shayi yake so, mai ɗumi, ba mai zafi ba. A ƙasa ta ƙara da rubutu mai kauri, "Rediyo, sukari cokali ɗaya. Na san ki." Na karanta na yi dariya, na ƙare da kuka a kan kofin. A foldar Baƙi ta rubuta wanda yake so a shigo da shi da wanda za a ce masa yana barci. A foldar Fushi ta ce idan ya ƙi kallon mutum, kar a lallashe shi kamar yaro, a ba shi haƙuri kamar babba. Kamar tana tsaye a bayanmu tana nuna mana da baki.

Sai abu ɗaya ya gagare mu. Kowace yamma, idan rana ta shigo ta tagar, Ango yakan ɗaga hannun hagu ya bugi katifa sau biyu a gefensa. Ya jira. Ya sake bugawa.

Muka buga "katifa" a wurin bincike, sai shafin juya shi don gudun gyambo ya fito. Muka buga "bugu", "hannu", "gado", "yamma", babu abin da ya dace. Muka ce ko katifar ce ta yi ƙullutu, muka ɗaga shi muka juya ta. Muka sauya zanin gado. Na haska fitila ina neman kuɗin cizo. Muka kawo ruwa, muka kawo shayi, muka kunna rediyo muka kashe. Shi dai ya dube mu, ya dubi ƙofar kicin, ya sake bugawa. Wata yamma Tilo ta gaji ta zauna a wurin ta kama hannunsa ta ce, "Baba, me kake so? Nuna mini." Ya zare hannun ya ture ta da bayansa, 'yar da bai taɓa ɗaga wa murya ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Daga nan ya fara ƙin abinci. Ya daina neman a kai shi bakin ƙofa, ya daina tsokanata da alamar kunne. Abin da Yaya ta ji tsoro shi ne ya faru a gabanmu, yana magana babu mai jin sa. Na ji haushi, kuma ba zan ɓoye ba, har ita na ji haushi, da ta rubuta yadda ake yanke masa gashin hanci ta bar wannan.

Ina wanke kwanonin da bai ci komai a ciki ba, maganarta ta faɗo mini. Saura ɗaya. Na bar ruwan yana zuba na je na buga wa Tilo ƙofa.

Jakar da aka dawo da ita daga asibiti tana saman kabad kusa da tafireta, babu wadda ta iya buɗe ta a cikinmu. Tilo ta sauko da ita. Wayar ta mutu, muka sa ta a caji muka zauna a ƙasa muna jira kamar masu jiran likita. Da ta kawo haske, Tilo ta sa lambobin sirrin buɗe ta, don ita ta saita su tun farko. Ta shiga manhajar, ta gangara ƙasa. Ɗanyen aiki, shafi ɗaya a ciki. A ƙarƙashinsa manhajar ta nuna ranar da aka taɓa shi na ƙarshe, safiyar da mai tasi yake jira ce.

Tsarinsa kamar na sauran. A sama da rubutu mai kauri:

Idan ya bugi katifa sau biyu da hannun hagu.

A ƙasa:

Ni yake kira. In zo in zauna.

Sai akwatunan abin da za a yi. Ta rubuta, "A ce masa na je kasuwa," ta soke. Ta rubuta, "Tilo ta zauna a wurin," ta soke. "A ajiye masa mayafina a gefen," ta soke. "Rediyo ta ja shi da surutu har ya manta," wannan ma ta soke, kuma ina jin ta fi saurin soke shi. A can ƙasa akwai akwati ɗaya, babu komai a gabansa.

Tilo ta kifa kai a gwiwa. Ni kuwa na zauna ina kallon layukan nan da aka ja. Sau nawa ina cikin falon, ina tsakiyar labari, Yaya ta miƙe ta bar ni da baki buɗe ta koma gefen gadon? Ita nake kallo, ban taɓa kallon hannunsa ba. Ta san amsar alamar tun ranar farko. Abin da za a yi ne ta rasa, ta yi ta gwadawa tana sokewa har mota ta zo, kuma ta ƙi ba mu shi da gurbi.

Da yamma ta yi, rana ta shigo ta tagar, na je na tsaya a ƙafar gadon. Ya ɗaga hannu ya buga sau biyu. Ban kawo ruwa ba, ban taɓa rediyo ba, ban kuma zauna a wurin ba.

Na ce, "Na gani, Ango. Yaya kake kira."

Ya juyo ya dube ni sosai, irin kallon da rabonsa da yi wa wani tun ranar da ta fita. Ya ce, "To."

Na ce, "Ni ma kiranta nake yi. Ba ta amsa mini."

Ya shimfiɗa tafin hannunsa a wurin, ya bar shi a nan. Hawaye yana bin gefen fuskarsa yana shiga kunne, ni kuma na zauna a ƙasa na jingina da ƙafar gadon, muka yi kukanmu har hasken ya bar tagar. Bayan nan Tilo ta kawo shayi, ya sha rabin kofi, ya kama hannunta ya riƙe.

Kafin ta koma bakin aiki, Tilo ta tambaye ni, "Inna, in cike akwatin nan in tura shafin cikin sauran?"

Na ce, "Me za ki rubuta?"

Ta mayar da wayar jaka.

Ango yana nan. Ya koma cin abinci, ya koma korata da alamar kunne, ina kai shi bakin ƙofa ya ga motoci. Kowace yamma yana buga katifar sau biyu. Duk abin da nake yi nakan ajiye in leƙo in ce masa na gani, in miƙar da zanin gadon a gefensa na hagu, in koma bakin aikina.